Muryar da Take Riga Kwamfuta Magana

Wata ranar Alhamis ce bayan la'asar, a daminar shekarar 2012, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi. Ina da shekara tara. Umma ta ɗora mini kwanon faten tsaki a ka, ta ce in kai wa kakata Iya ɗakinta. Na fito daga madafi ina taka ƙasa a hankali, don an yi ruwa da safe, tsakar gidanmu na Rano kuwa idan ta jiƙe ba ta san babba ba balle yaro. Na iso gindin darbejiya ke nan, inda ake kife turmi, sai na ji muryar kakana Malam ta fito daga ɗakin Iya tana cewa, "A'uzu billahi." Ban gama waiwayawa ba, muryar nan dai ta sake faɗa daga falon da ke jikin zaure, "A'uzu billahi." Malam kuwa a lokacin ya shekara a kabari. Ni da idona na ga an fita da shi a makara ta wannan zauren. Kwanon bai faɗi ba, amma faten ya zubo mini a wuya, ban kuma ji zafinsa ba sai da na isa ƙofar Iya.

Ba wai ban san da zancen na'ura a gidan ba. Malam ya yi shekaru yana ba da karatu a zaure bayan la'asar, ɗalibansa manya ne, manoma masu gemu, wasu daga Madachi, wasu daga Yalwa, su jingine kekunansu a jikin katanga su shimfiɗa buzu. Wani daga cikinsu ne yake zuwa da rakoda yana ɗaukar karatun a kaset. Da Malam ya rasu, mutumin ya kawo kaset ɗin cikin wata tsohuwar jakar taki ya ba Iya. Tun daga nan ba ta da abokin hira da ya wuce su. Gwiwoyinta sun daina kai ta ko'ina, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, sai ta jawo rakodarta kusa da filo, ta sa kaset, ta kama carbi. Da tafiya ta yi tafiya rakodar ta fara cin zare. Na sha ganin Iya tana warware zaren kaset da tsinken tsintsiya, tana yi wa rakodar faɗa kamar akuya ce ta shiga gonar gyaɗa.

Baffa Sani ne ya ce abin ya isa haka. Shi ne ƙanin Baba, autan Iya, gyaran kwamfuta yake yi a Kano. Ya zo gida da akwatin kwamfuta, da talabijin mai faɗi, da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai sifiku biyar, ya jera su a falo, mu yara muna leƙe ta taga muna ture juna. Ya kwashe karatun Malam kaf daga kaset ya zuba a kwamfutar, ya ɗaure kaset ɗin a leda ya ce kada wanda ya ƙara sa su a rakoda. Nufinsa tsofaffin ɗaliban Malam su riƙa taruwa a falo suna saurare ta sababbin sifikun, Iya kuma, da ba ta iya fitowa, ba kuma za ta zauna cikin maza ba, a ja mata waya har ɗakinta, sautin ya fito ta tsohuwar rakodarta a lokaci guda. A nan gizo ya yi saƙa. Ashe sauti ƙofa biyu yake da ita a jikin kwamfutar. Akwai tsohuwa, wani ɗan koren rami da ake soka fil, Baffa yana kiranta analog. Akwai sabuwa mai kai sauti amfilifaya, ita ce dijital. Kwamfutar kuma ta kafe a kan ƙofa ɗaya za ta buɗe. Idan falo ya yi magana ɗakin Iya ya yi shiru, idan ɗakin Iya ya kama falo ya mutu.

Baffa ya kwana biyu yana fama. Ya riga ya ja wayar, baƙa, siririya, ta bi jikin katanga daga tagar falo, ta zaga bayan rumbu, ta haye saman madafi, ta shiga ɗakin Iya ta ƙasan indararo, an danne ta da ƙusoshi da murafen kwalbar lemo. Idan an kawo wuta sai ya zauna gaban kwamfutar da 'yar singileti, ya danna nan ya danna can, ya ƙwala wa ƙanena kira, "Je ka ji, ta yi?" Yaro ya ruga ya dawo ya ce ba ta yi ba. Idan an ɗauke wuta ya tayar da janareto, Baba yana daga zaure yana cewa, "Sani, karatun da aka ba mu kyauta, kai ka sa masa fetur." Ranar Alhamis ɗin nan ce ya ci nasara, ni kuma ce Allah ya nufa da tsayawa a tsakiya lokacin da ƙofofin biyu suka buɗe tare. Sai dai ba tare-tare suke ba. Ɗakin Iya yana riga falo da ɗan abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Wanda ke falo bai damu ba, wanda ke ɗakin Iya bai damu ba. A gindin darbejiya ne kawai ake jin Malam biyu sosai, ɗaya na bin ɗaya. Manya suka fito suka saurara, suka yi dariya, suka koma.

Ni ban yi dariya ba, don ni a ganina na san abin da ba su sani ba. Ranakun da babu makarantar allo mukan je yankan ciyawar awaki can wajen duwatsu, mu aje lauje mu yi ta kiran sunayenmu, dutse yana maido mana. Kowane yaro a Rano ya san ƙa'idar amsa-kuwwa: mai rai ne yake fara magana, dutse ya biyo baya. Ban taɓa jin dutse ya riga mutum ba. To ga kwamfuta a falo, ga sifikunta a gefenta, amma muryar da ke can ƙarshen gida ce take fara fita. Ɗakin nan kuwa a cikinsa Malam ya yi jinya, a cikinsa ya cika. Na auna, na sake aunawa, ban ga wata amsa ba sai ɗaya. Malam ne yake karatu a ɗakin Iya da kansa, kwamfutar Baffa kwaikwayonsa take yi.

Daga ranar rayuwata ta koma lissafin yadda zan kauce wa la'asar. Da, ni ce 'yar ɗakin Iya. Ni nake share mata, in cika mata buta, in tsince mata ƙaiƙayin gyaɗa a faifai, ta ba ni tukuicin ƙuli-ƙuli da take ɓoyewa a cikin kwalla. Yanzu da na ga inuwar rumbu ta kai bakin rijiya sai in tsiro da aiki a waje. In ce akuyar Umma ta tsinke igiya, in ce an aike ni niƙa, in daɗe a gidan maƙwabta ana 'yar gala-gala ko da ba a sa da ni. Idan dole ta kama in kai abinci, sai in bi ta bayan rumbu, in raɓa jikin katanga ta cikin ƙaiƙayi da kashin kaji, in dire kwanon a bakin ƙofa in ce, "Iya ga shi," kafin ta ɗago na ɓace. Ta taɓa kamo gefen zanena ta ce, "Ke kuma bashi nake bin ki?" Na fizge na gudu. Ina jin kunyarta, amma tsoron ya fi kunyar ƙarfi.

Kuskurena shi ne gaya wa Ladidi. Ita ce abokiyar zamana a aji uku, 'yar ƙarama ce kamar ni, amma babu labarin fatalwa da aljanun da ba ta da shi. Muna zaune a gindin mangwaron makaranta lokacin tara, muna cin gyaɗa dafaffiya, na kwashe komai na faɗa mata. Ba ta yi musu ba ko kaɗan. Ta daina tauna, ta matso, ta ce yayarta ta ce mamaci idan yana son wani a gidan ba ya tafiya da wuri. Ta ce in ya kira sunanka sau ɗaya, ka yi shiru. Sau biyu, ka yi shiru. In ya kai na uku, ko ka amsa ko ba ka amsa ba, shi ke nan. Dama a gida an sha hana mu amsa kiran da ba mu ga mai yin sa ba, don haka maganarta ta zauna mini daram. Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne, duk jikokin Malam babu wadda yake so kamata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunan ba, Uwata yake ce mini.

Sai ga shi wata ranar Litinin hadari ya haɗo da la'asar, Umma ta ce in kwashe shanya da sauri. Igiyar shanyar kuwa daga darbejiya take zuwa rumbu. Babu hanyar kaucewa. Ɗaliban Malam sun taru a falo, karatu yana tafe, ni kuma ina fizgar kaya daga igiya ina karanta duk abin da na iya a zuci. Iska ta taso, ganye yana zuba. Sai karatun ya tsaya cak. Na ji Malam ya yi gyaran murya irin tasa, sannan daga ɗakin Iya, a fili, ya ce, "Uwata, zo nan." Falo ya maimaita, "Uwata, zo nan." Sau biyu ke nan. Na watsar da kayan a cikin taɓo, na toshe kunnuwana da hannu biyu, na yi waje da gudu ta ƙofar baya. Ban tsaya ba sai cikin gonar dawar da ke bayan gari, na durƙusa tsakanin kunyoyi ina ihu don kada in ji na ukun. A nan ruwan ya same ni, a nan kuma ƙanin Umma ya tsinto ni bayan an ɗauke.

Zazzaɓi ya kwantar da ni. Yau na san sauro ne da dukan ruwa, amma a lokacin na sakankance tafiyar ce ta zo. Umma ta ce ina ta sambatu ina cewa a ce wa Malam ba zan zo ba. Da jikina ya yi sauƙi Baba ya zaunar da ni ya tambaye ni, na faɗa masa duka, har da ƙa'idar dutse. Baba mutum ne mai sanyi, amma idan ya yanke magana ba a sake ɗinka ta. Ya kira Baffa Sani a tsakar gida, a gaban kowa, ya ce, "Wayar nan ta bar jikin katangar nan kafin azumi. Ba zan zuba ido yarinya ta zautu saboda na'ura ba. Masu saurare su saurara a falo." Baffa ya ce, "Yaya, to Iya fa?" Baba ya juya ya shige zaure. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Kaset an riga an ɗaure, rakodar ma ba ta iya juya su, in aka cire wayar Iya ta rabu da muryar mijinta ke nan.

Maganar ta isa kunnen Iya. Baba ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ja da maganarsa a bainar yara. Washegari da hantsi, lokacin da na tabbata babu karatu, na lallaɓa na leƙa ɗakinta. Na tarar ta ɗauko wani farin ƙyalle ta lulluɓe rakodar, ta tura ta ƙarƙashin gado, tun ba a cire wayar ba. Tana zaune da carbi, fuskarta na kallon bango. Ta ji motsina ta ce, "Shigo mana, babu kowa sai ni." Na shiga na zauna a bakin gadon. Ta shafa goshina ta ce jikin ya yi sauƙi, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli. Na karɓa na kasa ci. Wani tsoro sabo ya kama ni, wanda ban san sunansa ba, na ga Iya ta ƙanƙance a kan gadon, ɗakin kuma ya yi shiru irin na ranar da aka fita da Malam.

Baffa ya yi iya ƙoƙarinsa da ni. Ya kai ni gaban kwamfutar ya ce sautin da ke bin tsohuwar waya tafiya yake kai tsaye, kamar ruwa a kwata. Na sabuwar hanya kuwa sai an mayar da shi lambobi, amfilifaya ta karɓa ta sake mayar da shi murya, wannan ɗan aikin ne yake makarar da shi. Ya kunna karatu ya zare fil ɗin daga koren ramin, ɗakin Iya ya yi tsit. Ya mayar, ya ci gaba. Na gyaɗa kai don ya ƙyale ni, amma a raina cewa na yi, ai Malam mutum ne mai kawaici, in ya ga an zare dole ya yi shiru don kada ya kunyata ɗansa. Daga baya, a ɗakinta, Iya ce ta tambayi wane kaset ne aka sa ranar hadarin. Da Baffa ya faɗa mata, sai na ga tana dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunta suna motsi. Ta ce, "A ce wa mai gidan nan ya yi mini haƙuri da yamma ɗaya. Yarinyar nan ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta tsaya ta ji, in ya so a cire."

Ban taɓa jin tsoro irin na yammacin nan ba, har yau. Aka fito wa Iya da kujera 'yar tsuguno zuwa bakin ƙofarta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Baba yana tsaye a ƙofar zaure, hannuwansa a baya. Ni kuma ina gindin darbejiya, na dafa turmi. Babu wanda ya tilasta ni, farin ƙyallen nan ne kawai ya ƙi fita daga idona. Baffa ya kunna daga kusa da wurin da Malam ya kira ni. Karatu ya tsaya, gyaran murya, sannan, "Uwata, zo nan." Falo ya maimaita. A lissafin Ladidi na riga na wuce uku. Na runtse ido ina jiran abin da zai ɗauke ni. Sai na ji Malam ya ci gaba, "Kai, ku karɓe mata kurtun nan, za ta shanye mini tawada." Dariyar maza ta ɓarke, aka ji buzu yana motsi, sannan wata 'yar ƙaramar murya ta callara kuka tana cewa, "Nawa ne, nawa ne." Iya ta nuna ni da carbinta ta ce, "Ga mai kukan nan. Shekararki uku, bakinki baƙi ƙirin, kwana biyu muna wanke shi."

Na buɗe ido. Kukan yana ta fitowa daga ɗakin Iya, falo yana bin sa a baya. Muryata ce ta riga kwamfuta, ni kuwa ga ni a tsaye, da raina, hannuna a kan turmi, bakina a rufe. Idan ƙa'idar dutse gaskiya ce, to ni ma ina cikin ɗakin nan ke nan. Abin da Baffa ya kasa cire mini da bayani, kukana ya cire shi. Na saki turmin na taka har gaban Iya, na durƙusa na sa kaina a cinyarta, na yi kuka na gaske a kan wancan na kaset. Baba ya dubi wayar da ke jikin katanga. Can ya ce, "Sani, murafen nan na wajen rumbu sun saki, ka ƙara musu ƙusa," ya juya ya fita masallaci.

Da azumi ya kama, Baffa, da yake ba ya iya barin abu a karkace, ya yi ta bincike har ya gano inda zai jinkirta tsohuwar hanyar kaɗan, ta jira sabuwar. Muryoyin biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Ya tsaya a gindin darbejiya yana murmushi, yana kiran kowa ya zo ya ji. Ina ɗakin Iya a ranar, ina tsince mata zogale. Ta saurara, ta karkata kunnenta mai kyau wajen ƙofa, ta daɗe a haka. Ashe duk kwanakin nan tana jin na falon yana biyo baya, ba kalmomin ba, amonsa kawai. Ta aika ni in kira Baffa. Da ya zo ta ce, "Auta, ina ka kai mai amsa masa? Malam bai taɓa karatu shi kaɗai ba. Ya biya, a maimaita, haka na saba ji daga nan." Baffa ya juya. Ya koma falo ya warware aikin da ya yi, kafin a sha ruwa Malam ya dawo biyu.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Kwamfutar ta mutu tun kafin ita, Baffa ya kawo wata, ya sake yin fama da ƙofofin nan biyu, ya kuma bar ɗan jinkirin yadda yake. Yanzu an yi wa gidan filasta, an sare darbejiyar an zuba siminti, ɗakin Iya ya zama wurin ajiye buhunan taki, amma a bayan rumbu akwai murfin kwalba guda da ya yi tsatsa a jikin katanga, ba a kula da shi ba. Karatun Malam duka yana cikin wayar hannuna, tas, babu ƙara, murya ɗaya, kowane jika yana da nasa, kowa yana ji shi kaɗai da abin kunne. Wani lokaci bayan la'asar, idan gida ya yi shiru, nakan ari wayar maigidana in aje ta a ɗaki, tawa a falo, in danna ɗaya sannan in danna ɗaya, in tsaya a tsakani. Ba ya daidaita yadda na san shi, ko ya yi nisa ko ya haɗe. Amma nakan jira har wurin da ya ce, "Uwata, zo nan." Yanzu amsawa nake yi.